Bakan da Kawu Ya Ɗaure

Shekara ta biyu da sauke tutar Faransa aka ba ni makullan kampama a Tasawa. Kampama ita ce masaukin baƙi da Nasara suka bari, a bakin hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram. Na gama lakwal, wato makarantar boko, da ƴar takardata a hannu, ina sa ran kujera a biro, ofishin gwamnati, sai aka ce babu gurbi sai wannan. Na karɓa ba don ina so ba. Ban daɗe da aure ba, kuma akwai ɗaki biyu a bayan gidan da aka ce ni da matata mu zauna.

Gidan na ƙasa ne tun daga tushe har sama. Kaurin bangonsa ya isa mutum ya zauna a bakin taga ya naɗe ƙafa. Babban ɗakin tsakiya, inda baƙi ke cin abinci, ba shi da ginshiƙi ko ɗaya. Abin da magina ke kira baka ne ya riƙe shi: azara ce aka lanƙwasa aka lulluɓe da ƙasa, ta taso daga bango huɗu ta haɗu a tsakiyar rufi. Da bazara, in ka shigo daga rana, sai ka ji kamar an sa ka cikin randa.

Baƙina ba su da yawa. Ma'aikatan gwamnati masu rangadi, wani likita da ke zagaya ƙauyuka, sai kuma Turawa masu yawon buɗe ido da suka ƙetaro Sahara, fuskokinsu sun yi ja kamar gauta. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi ba ni mamaki. Kafin su tambayi ruwan wanka, sai ka ga sun tsaya a tsakiyar ɗakin sun ɗaga kai. Akwai wata mata da ta shimfiɗa mayafinta ta kwanta rigingine tana zana rufin a littafi har abincinta ya huce. In sun tambaye ni wanda ya gina, sai in kai su bakin ƙofa in nuna musu wani ɗan faifan ƙarfe da aka kafa, mai sunan kumandan da ya yi mulki a lokacin. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da kakar gyaɗa garin yakan canja. Jakuna da raƙuma da amalanke suna ta shigowa daga Kona da Hawandawaki da ƙauyukan Mayahi, kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, suna ta lodi, kowane fili da ke bakin hanya an jibge shi da buhuna. A cikin wannan hada-hadar, wata rana da hantsi, sabon kumandan ya zo kampama. Ɗan ƙasa ne, bai wuce shekara arba'in ba, amma mutane ba su daina kiran kujerar da tsohon sunanta ba. Tare da shi akwai wani alhaji, babban mai sayen gyaɗa a garin. Alhajin bai shiga ciki ba. Sai ya bi jikin katanga yana auna filin da taki.

Kumandan ya shiga babban ɗaki, ya ɗaga sandarsa ya nuna wata tsaga da ta bi ɗaya daga cikin bakunan, tsawonta ya kai kamu uku. Na daɗe da ganinta, na daɗe ina kau da kai.

Ya ce, "Ka ga wannan? Ran da ya faɗo kan baƙo, ni za a tambaya."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai ana iya gyarawa."

"Wa zai gyara? Waɗanda suka iya irin wannan aiki sun ƙare. Kuma bari in faɗa maka, gidan nan da bulala aka gina shi. Ban ga abin da zai sa mu yi ta tattalinsa ba. Alhaji na son wurin, zai yi magazan ajiyar gyaɗa na siminti da kwano."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya ce ba zai yanke hukunci da ka ba: bayan damina, kafin wata kakar, injiniya zai zo daga Maraɗi ya duba. In ya ce gidan ba shi da lafiya, a rushe.

Ba zan ce son tarihi ne ya fara damuna ba. Matata na da ƙaramin ciki, kuma in gidan ya tafi, aikina da ɗakinmu sun tafi. Amma da na soma kallon rufin nan da idon wanda za a raba da shi, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A can sama, kusa da inda bakunan suka haɗu, akwai sawun yatsu a jikin yaɓen, huɗu a jere, inda wani ya shafa ƙasa tana ɗanya.

Na bi maginan garin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo ya duba sai ya girgiza kai, ya ce shi dai katanga da soro ya iya, baka mai wannan faɗi ba ya taɓa shi. Da na kai wa Inna kukana, tana tsinke zogale a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai ko ka san wa ya ɗaure bakan nan? Wana ne, kawunka na wajen Korgom."

Na san Kawu, mana. Tsoho ne dogo mai ƙarancin magana, yakan zo suna ko jana'iza ya koma a ranar. Manomi na san shi. Ban taɓa jin an haɗa sunansa da gini ba. Inna ta ce tun da aka gama aikin bai ƙara taɓa ƙasar gini ba sai ta rumbunsa, kuma in ya shigo Tasawa yakan zagaya ta bayan kasuwa don kada ya bi ta gaban kampama.

Na ari doki na tafi, da bazara tsaka. Rairayin hanyar ya sa sai bayan azahar na isa. Na same shi a ƙarƙashin gawo yana tufka igiya. Bayan gaisuwa da shan ruwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Hannunsa na ta aiki.

Can ya ce, "A rushe shi."

Ya ja igiyar, ya ci gaba.

"Ka san daga ina aka kawo azarar gidan nan? Kwana uku muna tahiya da ita bisa kai, mutum biyu ga guda. Kowane gari aka ce shi ba da mutum goma. Da damina ta kama, ba a sallame mu muka yi shuka ba. Sarkin maginan da ya fara aikin, da ya ga abin ya yi yawa, ya sulale ya ƙetara Katsina. Aka ce wa ya taɓa yi mashi aiki? Aka nuna ni. Gardi, dogarin Nasara, na tsaye da bulala, aka ce in baka ya hwaɗi, ni ma na hwaɗi. Mun tahi mu goma daga garin nan, mu takwas muka komo."

 Na zo da maganganu da na shirya a hanya, na ciki da aiki da ɗaki, amma duk suka yi mini ƙanƙanta a baki. Da na tashi zan yi sallama, don in cike shirun, na ce masa baƙi na zuwa daga nesa su kalli rufin, har da masu ɗaukar hoto.

Ya ce, "In sun tambayi wanda ya yi, mi kake ce masu?"

Na faɗa masa gaskiya, na ce faifan ƙarfen nake nuna musu.

Ya dube ni, ya koma kan igiyarsa. Ya ce in gai da Inna.

Na dawo na cire rai. Matata ta fara maganar ko za mu koma gidan Inna kafin ta haihu. Ni kuma kullum da safe sai in auna tsagar da tsinke, in ga kamar ta ƙaru, in sake aunawa in ga kamar ba ta ƙaru ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna, ran nan ina share gaban gida sai ga jakuna uku. Kawu ne a gaba, da wasu tsofaffi biyu, ɗaya daga Kona, ɗaya daga Hawandawaki, waɗanda suka yi aikin tare da shi. Bai amsa gaisuwata sosai ba.

Ya ce, "Ba don gidanka na zo ba. Ka ce bakana ya tsage. Na zo in gani da idona, don ban yarda ba."

A bakin ƙofa ya tsaya ɗan jim. Sannan ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya shiga. Su ukun suka tsaya a tsakiyar ɗaki suka ɗaga kai. Na Kona ne ya fara magana, ya nuna wata kusurwa ya ce a nan ya faɗo daga kan tsani, haƙorinsa biyu suka tafi. Ya buɗe baki ya nuna mana giɓin. Sai na ga Kawu na murmushi, karon farko tun da na san shi.

Aka kawo tsani. Na roƙe shi ya bari in hau in faɗa masa abin da na gani, ya ce idona bai san abin da zai nema ba. Ya hau a hankali, ni da na Hawandawaki muna riƙe da ƙafar tsanin. Ya ƙwanƙwasa bakan da ƙotar wuƙa, daga ƙasa har sama, yana kara kunne. Sannan ya sa wuƙar ya ɓamɓare yaɓen da ke gefen tsagar. Ƙasa ta zubo mana a ka. Ya tura hannu ciki ya daɗe yana lalube.

Ya ce, "Hawo ka taɓa."

Na hau ta ɗaya gefen. Azarar na nan baƙa wuluk, da ƙarfi kamar ƙarfe, ɗaurin igiyarta bai ko motsa ba. Babu gara, babu ruɓa.

"Riga ce ta yage, jiki lahiya lau. Amma ruwa na shigowa daga wani wuri. Mu hau bisa."

A kan rufin ya gano ɓarnar. Wani da ya riƙe gidan kafin ni ya sa an shafe saman da siminti siriri, wai don ya huta da yaɓen kowace shekara. Simintin ya farfashe, ruwa na shiga ta ƙarƙashinsa ya kwanta, rana ba ta samun busar da shi. Indararo biyu kuma, inda ruwa ya kamata ya bi ya zuba, sun toshe da shara da tsohuwar sheƙar tsuntsu. Kawu ya ɗaga wani ɓallin siminti ya jefar ƙasa. Ya ce ƙasa numfashi take, wanda ya toshe mata hanci shi ya kashe ta.

Na sauko. Na zauna a kan dakali. Matata ta leƙo ta ga fuskata, ta tambaya ko abin ya ɓaci ne. Na ce a'a, gyaruwa ya yi. Ta koma ciki ta ɗora babbar tukunya.

Kwana tara aka yi ana aikin. Kawu ya ce a nemo makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa don kada ruwan sama ya ci ta. Inna ta bi gidajen unguwa, mata suka yi ta kawowa a ƙwarya. Maginan garin da suka ƙi taɓa aikin da farko suka dawo da kansu, wai su taya ɗauko ƙasa, amma kowa idonsa na kan hannun tsohon. Bai kore su ba, bai kuma koya musu da baki ba. In mutum ya yi ba daidai ba, sai ya karɓe ƙasar daga hannunsa ya yi a gabansa sau ɗaya. Duk kwanakin nan bai kwana cikin kampama ba, ko da na gyara masa ɗakin da ya fi kyau. Gidan Inna yake tafiya. Kwana biyu da gamawa ruwan shuka ya sauka, suka hau jakunansu suka koma gona.

Damina ta yi kyau a shekarar. Duk ruwan da aka yi, ko ɗigo bai shiga babban ɗakin ba. Matata ta haifi ɗiya mace ana cikin girbin gero. Duk da haka ban saki jiki ba, don maganar injiniya na nan.

Ya zo farkon kaka, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa. Saurayi ne kusan tsarana, da tabarau da ƴar jaka. Na aika wa Kawu tun da na ji ranar, ban san ko zai zo ba, sai ga shi ya zo shi kaɗai. Kumandan da alhaji suna nan, mutanen unguwa sun taru a waje. Injiniya ya zagaya, ya auna, ya rubuta. A ƙarshe ya ce da Faransanci, ni na fassara wa Kawu, shi a lakwal siminti da ƙarfe aka koya masa, ba shi da hanyar sanin nauyin da itace da ƙasa za su iya ɗauka bayan shekaru masu yawa haka. Ba zai iya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba.

Kawu ya juya wajen alhaji ya ce, "Alhaji, ara mamu buhun gyaɗarka arba'in, a ɗora bisa."

Alhaji ya yi dariya, ya ce ko sittin ake so a ɗauka, in rufin ya rufta an rage masa aikin rushewa. Injiniya ya ce wannan gwaji ne da zai yarda da shi. Ya ciro wani ɗan siririn gilashi daga jakarsa, ya hau tsani ya manna shi a gicciye daidai inda tsagar take a da. Ya ce in bakan ya motsa ko kaɗan, gilashin zai tsage. Kumandan ya ce kowa ya fita waje.

Kowa ya fita ban da Kawu. Ya jawo tabarma ya shimfiɗa a tsakiyar ɗakin, daidai ƙarƙashin mahaɗar bakunan, ya zauna.

Kumandan ya ce da ni, "Shiga ka fito da tsohon nan."

Kawu ya ji. Daga inda yake ya ce, "Ranka shi daɗe, maginin da ba ya zama ƙarƙashin aikinsa, ko akurki kada ka ba shi."

Na shiga da niyyar in lallashe shi. Ya matsa mini gefen tabarma kamar dama ni yake jira. Na dubi ƙofa, na ga matata can baya da jaririya a kafaɗa. Har yau ban san abin da ya zaunar da ni ba, kunya ce ko yarda. Na dai zauna.

Ƴan dako suka fara hawa. Kana jin takunsu a sama, sannan dim, an sauke buhu. Muryar kumandan ce ke ƙirgawa daga waje. Wajen na ashirin, wata ƴar ƙura ta zubo ta sauka a kan gwiwata. Kawu ya kalle ta, ya kalli sama, ya ce tsaka ce ta gudu. Sannan ya tambaye ni ko geron Inna ya yi kyau bana. Na amsa masa, ban san me na ce ba. Ya ci gaba da ba ni labarin wata akuyarsa da ta haifi uku, har na ji an ce arba'in.

Injiniya ya ce a bar buhunan har la'asar. Da la'asar ya hau tsani da kansa, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya duba. Gilashin na nan yadda ya manna shi. Ya sauko ya miƙa wa Kawu hannu biyu, ya gaishe shi da Hausa, ya kira shi Baba. Sannan ya roƙe shi ya nuna masa yadda ake jera azarar, suka tsuguna a ƙasa, Kawu na zanawa da tsinke.

Ni kam fita na yi bayan gida na sha ruwa moɗa biyu, na wanke fuska, na daɗe tsaye jikin bango.

Kumandan mutum ne mai cika magana. A wurin ya ce gidan ya tsaya, alhaji kuma za a ba shi fili kusa da tashar mota. Da mutane suka ragu, ya zo ya zauna kusa da Kawu, ya ce mahaifinsa ma an taɓa kama shi aikin hanya, shi ya sa ba ya son ganin irin waɗannan gidaje. Ya ce zai sa a yi allo a rubuta sunan Kawu a kafa a bakin ƙofa.

Kawu ya ce, "In ka rubuta nawa, ina za ka sa na waɗanda ba su koma gida ba? Wasu ko sunansu ban riƙe ba. Rubuta garuruwan."

Aka ba ni takarda. Ya rufe ido yana faɗa ina rubutawa, gari bayan gari, daga na kusa har na wajen Mayahi, wasu ma sun tashi tun tuni. Goma sha bakwai na ƙirga. Wani mushen lakwal, malami mai kyan hannu, ya rubuta su da fenti a allon katako, da Hausa da Faransanci. Faifan ƙarfen ba a cire shi ba. Kawu ya ce a bar shi, mai sunan ma ai ya yi nasa, shi ne ya ba da umurnin dukan.

Washegari da hantsi ya ɗaure jakinsa zai tafi. Ya karɓi jaririyar ya yi mata addu'a, ya ce mini duk shekara kafin ruwan fari in hau in share indararo da hannuna, kada in aiki kowa. Ya fita ta gaban gidan, ya bi babbar hanya.

Alhaji ya gina magazansa a wajen tasha, ya kuma gina wa kansa gidan siminti mai rufin kwano, irinsa na farko a unguwarsu. Bazarar da ta biyo baya ya yi manyan baƙi daga Kano, abokan cinikinsa. Kwana ɗaya suka yi a sabon gidan, zafi ya hana su sakat. Da azahar sai ga shi a ƙofar kampama, yana share gumi da hannun riga, yana tambaya ko ina da ɗaki uku da babu kowa. Na ce akwai. Ya shiga babban ɗakin don ya duba, ya zauna a kan kujera wai ya ɗan huta, bai tashi ba sai da aka kira la'asar.